Kada ki saki tsohuwar kwamfutar sai kin ga komai da idonki

Wata baiwar Allah ta rubuto mana daga Tawa tana cewa: "Ni malamar makaranta ce, kuma ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata masu cinikin albasa. Shekara tara ke nan ina aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya. Yanzu batirinta ya mutu, da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, kuma kwanan nan ta fara wata ƙara daga ciki, ƙas-ƙas-ƙas. Maigidana ya sayo mini sabuwa daga Yamai. A cikin tsohuwar akwai lissafin ƙungiya, da takardun makaranta, da hotunan iyali na cikin gida, da kuma muryar mahaifina, Allah ya jiƙansa, wadda na ɗauka yana ba mu tarihin gidanmu kafin rasuwarsa. Ƙanena ya matsa in ba shi tsohuwar domin zai koma jami'a mako mai zuwa, wani mai gyara kuma ya ce in bar masa su biyun kwana biyu, zai kwashe mini komai. Hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?"

Malama, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Rashin kwanciyar hankalin da kike ji yana da dalili, kuma ina ganin gara da kika tsaya kika yi tambaya kafin ki miƙa wa kowa kwamfutar. Aikin nan bai fi ƙarfinki ba, za ki iya yin mafi yawansa da hannunki a cikin ɗakinki, matuƙar kin bi shi daki-daki kuma ba ki bari gaggawar wani ta zama taki ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne ƙarar nan. Kwamfutar da ta kai shekara tara, galibi diskin da ke cikinta, wato ma'ajiyar fayilolinki, irin na da ne mai faifai, wanda yake juyawa sau 5400 a kowane minti, tare da wani siririn hannu da yake yawo a samansa yana karantawa yana rubutawa. Ki kara kunnenki ki saurara da kyau. Idan ƙarar tana fitowa ne daga gefen da iska mai zafi ke fita, kuma tana tafiya ba yankewa kamar gurnani, to fanka ce ƙurar hunturu ta cika, wannan kuwa da sauƙi. Amma idan ƙas-ƙas ce mai zuwa tana ɗaukewa, musamman lokacin da kike buɗe wani fayil kwamfutar ta tsaya tana tunani, to diskin ne ya fara gajiya, kuma irin wannan diski ba ya sallama ranar da zai tafi. Saboda haka daga yau ki daina kunna ta don aikin yau da kullum. Kada ki kalli bidiyo a kanta, kada ki bari yara su taɓa ta, kada kuma ki yarda wani ya ce bari ya sa mata wata manhaja ta gyaran diski, domin irin waɗannan manhajoji suna sa diskin aikin sa'o'i ba hutawa, alhali ɗan sauran ƙarfin da ya rage masa ke ce kike bukatarsa.

Kafin ki sake kunna ta, ki tanadi abu biyu. Na farko diski na waje, wanda ake haɗawa da waya ta kafar USB, mai girman da ya kai ko ya fi na cikin tsohuwar kwamfutar. Mai tera 1, wato giga 1000, ya ishe ki. Ki saya a shagon da ake ba da takardar shaidar saye, wanda za ki iya komawa idan abu ya ƙi. Ina jaddada wannan ne saboda abin da ya taɓa samuna. Shekarun baya na sayi wata kile USB, wato ƙaramar ma'ajiyar fayiloli da ake sokawa a kwamfuta, a bakin hanya, an rubuta mata girma mai yawa a jiki, farashinta kuma ya yi arha har na ji daɗi. Na zuba mata hotunan bikin ƙanwata gaba ɗaya, kwamfuta ta nuna komai ya shiga, sunayen hotunan suna nan jere reras, ni kuwa na share na asalin don in samu wuri. Bayan wata biyu da muka zauna da mahaifiyarmu za mu kalla, hotunan farko suka buɗe lafiya, daga nan sai na riƙa danna hoto yana fitowa rabi toka-toka, na gaba kuma ya ƙi buɗewa sam. Ashe kilen ta jabu ce, an yi mata dabara ne ta riƙa faɗin girman da ba ta da shi, duk abin da ya wuce ainihin cikinta kuwa ya tafi ke nan. Har yau ina tuna yadda mahaifiyarmu ta yi shiru tana kallon allon, tana jira in ce mata za su dawo. Ba na so ki ga irin wannan rana da muryar mahaifinki.

Abu na biyu shi ne wutar da ba za ta yanke ba. Tunda batirin ya mutu, ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana iya lalata fayil ɗin da ake cikin kwafewa, tana kuma ƙara wa diskin rauni. Ki nemi aron na'urar riƙe wuta da ake sa wa kwamfutocin ofis, ko ki je gidan wani ɗan'uwa mai hasken rana da batura. Ki zaɓi lokacin sanyin safiya, bayan sallar asuba, domin zafin Tawa na tsakar rana ba abokin tsohon diski ba ne. Ki ɗora kwamfutar a kan tebur mai tauri, ba a kan katifa ko darduma ba, kuma da zarar an fara aikin kada a motsa ta.

Yanzu ga ƙa'idar da nake so ki riƙe fiye da kowace: kwafewa za ki yi, ba yankewa ba. A Windows ta Faransanci da muke amfani da ita a nan, ki danna "Copier", ki nisanci "Couper". Wanda ya kwafa yana da abu biyu, na asali da sabo. Wanda ya yanke kuwa, duk fayil ɗin da ya ƙetara ana share shi daga inda ya fito, idan kuma wani abu ya sami diskin waje a tsakiyar hanya, ya saki reshe ya kama ganye. Kada ki share ko da fayil ɗaya daga tsohuwar kwamfutar a wannan mataki, ko da kina ganin tarkace ne. Tsintar tarkace aikin wata rana ne, a kan sabuwar.

Sannan kada ki fara da kwashe komai gaba ɗaya. Ki fara da abin da ba a sayensa a kasuwa kuma ba a sake yin sa. Muryar Baba ita ce ta farko: ki nemo dosiyen da take ciki, ki kwafe ta zuwa diskin waje, ki cire diskin ta hanyar da ta dace, wato ki danna alamar fitarwa ki jira kwamfuta ta ba ki izini, ki haɗa shi da sabuwar kwamfutar, ki kunna muryar ki saurara, farkonta da tsakiyarta da ƙarshenta. Sai kin ji da kunnenki sannan ki koma ki ɗauko lissafin ƙungiya, bayansa hotunan iyali, bayansu takardun makaranta. Waƙoƙi da finafinai su ne na ƙarshe, idan ma an bar su ba a yi asara ba. Hikimar wannan jeri ita ce, ko da diskin ya tsaya bayan minti ashirin, abin da ya fi daraja ya riga ya tsira.

Bayan waɗannan sun ƙetare sai ki yi babbar kwasa. Ki buɗe diskin C, ki shiga "Utilisateurs", za ki ga dosiye mai sunanki. A cikinsa ne mafi yawan kayanki suke: "Bureau", da "Documents", da "Images", da "Vidéos", da "Musique", da kuma "Téléchargements", wanda mutane suka fi mantawa da shi, alhali a nan ne duk takardar da aka aiko miki ta imel kika sauke take kwance. Ki kwafe su ɗaya bayan ɗaya, kada ki haɗa su a tafiya guda, domin idan aikin ya tsaya ki san inda ya tsaya. Ki duba kuma ko diskin an raba shi biyu, akwai D, saboda masu saka Windows a garuruwanmu sun saba yin haka, kuma sau da yawa a can ne tsofaffin hotuna suke. Ki leƙa kwandon shara ma kafin ki rufe, wani lokaci akan tarar da abin da aka jefa bisa kuskure. Game da lokaci, tsohuwar kafar USB 2.0 tana ɗaukar kusan awa guda kafin ta wuce da giga 100, fiye da haka ma idan ƙananan fayiloli ne masu yawa. Idan kwamfutar tana da kafa mai shuɗin ciki, wato USB 3.0, ki yi amfani da ita, ta fi sauri nesa ba kusa ba. Idan kuma wani babban bidiyo ya ƙi shiga kile alhali akwai wuri, ba lalacewa ya yi ba: kilen da aka tsara da FAT32 ba ta karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, sai ki sa shi a diskin waje.

Idan kwamfuta ta ce ta kasa karanta wani fayil, ki rubuta sunansa a takarda, ki tsallake shi, ki ci gaba. Kada ki tsaya kina maimaita shi sau goma.

Da kin gama sai tantancewa, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin sakaci, domin ganin sunan fayil ba shi ne samun fayil ba. Ki danna kowane babban dosiye da maɓallin dama, ki zaɓi "Propriétés", za ki ga girmansa da adadin fayilolin da ke ciki. Ki rubuta lambobin na tsohuwar kwamfuta a littafi, ki gwada da na diskin waje, sannan da na sabuwar kwamfutar bayan kin zuba mata. Idan dosiyen hotuna ya ce fayil dubu huɗu da wani abu a can, dole ya faɗi haka a nan. Bayan lambobi kuma ki buɗe wasu da hannunki: lissafin bara, da na shekarar da aka kafa ƙungiya, da hotuna daga shekaru dabam-dabam. Lissafin ƙungiya amanar mata ce da suka zuba kuɗin albasarsu suka ba ki riƙo, don haka ina ba ki shawara ki buga shafukan bashi da na zubi na wannan shekara a takarda, ki ajiye ɗaya wurin shugabar ƙungiya.

Ki duba girman diskin sabuwar kwamfutar tun kafin ki fara zuba mata. Sababbin suna zuwa da diski marar faifai da ake kira SSD, mai sauri ƙwarai, amma sau da yawa giga 256 ne kawai ko 512, alhali tsohuwar tana iya kasancewa da 500 ko fiye. Idan wuri bai isa ba, ki sa mata abin da kike aiki da shi kullum da abubuwa masu daraja, sauran su zauna a diskin waje.

Akwai abubuwan da kwafewa ba ta ɗauko su, kuma gara ki san su tun yanzu. Manhajoji irin su Word da Excel ba a kwashe su kamar hotuna, sai an sake saka su a sabuwar kwamfutar, kuma suna bukatar lasisinsu. Idan wadda aka sayo miki ta zo da na gwaji ne, ko ba ta zo da komai ba, LibreOffice kyauta ce, halal ce, kuma tana buɗe takardun Word da na Excel. Ta fi miki alheri a kan kwafin sata da ake sakawa a kasuwa, wanda sau da yawa yake shigowa da ƙwayar cuta. Idan kina rubuta takardun ƙungiya da Hausa, ki duba ko baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sun fito daidai a sabuwar. Idan kika ga akwatuna ko wasu alamomi a madadinsu, to wani salon rubutu na musamman aka taɓa saka wa tsohuwar, za ki same shi a dosiyen "Fonts" da ke cikin dosiyen Windows, sai ki kwafo shi ki saka.

Kalmomin sirri kuma su ne suka fi ba mutane wahala. Shekara tara kwamfuta tana tuna miki kalmar shiga Gmail da Facebook, mai yiwuwa ke kanki kin manta su. Tun tsohuwar tana numfashi, ki shiga saitin Chrome ko Firefox ki duba kalmomin da aka adana, ki rubuta muhimman a littafin da kike ɓoyewa. Ki tabbatar kuma lambar wayar da ke maƙale da asusunki ita ce wadda take hannunki yau, ba wani tsohon layi da ya ɓace ba, domin sabuwar kwamfuta za ta sa a aiko miki da lambar tabbatarwa, kuma ga wannan layin za a aika.

Wataƙila wani ya ce miki ki tura komai intanet kawai ki huta. Ga kayanki gaba ɗaya ban ga amfanin haka ba: Google giga 15 yake bayarwa kyauta, OneDrive na Microsoft giga 5, ga tsadar data ga jinkirin layi. Amma ga muryar Baba da lissafin ƙungiya, waɗanda ba su da nauyi, ki tura su Google Drive su zama kwafi na uku da ba ya cikin gidanki, ta yadda gobara ko ɓarawo ko ruwan sama ba za su haɗa su duka ba. Ki lura da abu biyu lokacin da kike saita Windows 11 da asusun Microsoft. Sau da yawa takan fara tura dosiyen "Documents" da "Images" zuwa OneDrive da kanta, ta cinye miki data ba ki sani ba, sai ki duba ki kashe idan ba ki so. Sannan sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle diskinsu da BitLocker, makullin buɗewa kuwa lamba ce mai alƙaluma 48 da ake ajiyewa a asusun Microsoft ɗinki. Ki nemo ta ki rubuta a littafin nan, domin ranar da kwamfutar ta tambaye ta, babu mai gyaran da zai iya buɗe miki ba tare da ita ba.

Batun mai gyara kuwa, ba na zarginsa da komai, akwai masu amana da yawa a cikin masu wannan sana'a. Amma hotunan cikin gida na matar aure da lissafin kuɗin mutane ba abin da za su kwana biyu a shagon wani ba ne, inda yaran shago da abokai suke shiga suna fita. Idan har kin bukace shi, misali kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, to ki je tare da maigidanki, ki zauna a wurin, a yi aikin a gabanki, a zuba a diskinki ba a kwamfutar shago ba. Mai gyaran kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Akwai ma aikin da nake so ki kai masa, wanda minti kaɗan zai ɗauka, kuma shi ne zai warware miki matsalar ƙanenki. Bayan kin gama kwafewa kin tantance, ki sa ya buɗe tsohuwar kwamfutar a gabanki ya ciro diskin ya miƙa miki. Ɗan ƙaramin abu ne mai inci 2.5, kusan girman tafin hannu. Ana sayar da ɗan akwatin da ake saka shi ya koma diskin waje, ki naɗe shi ki ajiye a wuri marar zafi. A gurbinsa a saka sabon SSD, a sa masa Windows, a canza batiri idan da hali. Da haka sirrinki bai bar hannunki ba, kin kuma sami ƙarin kwafi. Na fi son wannan hanya a kan sharewa, domin share fayil ko yi wa diski fomat na gaggawa ba ya goge abin da ke ciki, akwai manhajojin da suke dawo da shi cikin sauƙi. Windows tana da hanyar gogewa ta gaskiya, a ƙarƙashin "Réinitialiser ce PC" idan aka zaɓi a cire komai a kuma tsabtace diskin, amma tana ɗaukar sa'o'i, kuma diski mai ƙara ba lallai ya kai ƙarshenta ba.

Ki zauna da ƙanenki ki faɗa masa gaskiya da taushin murya. Ki ce masa muryar Baba tana ciki, kuma shi ma mahaifinsa ne. Ki nuna masa cewa idan ya tafi jami'a da diskin da ke gab da mutuwa, aikin karatunsa ne zai salwanta a tsakiyar shekara, alhali da sabon SSD kwamfutar za ta fi yadda take sauri. Ya kuma san cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, kwamfuta mai wannan shekaru kuwa da wuya ta cika sharuɗɗan Windows 11, saboda haka ya kula da abin da yake saukewa da kilen da yake sokawa a cikinta. Idan aikin bai kammala ba kafin ranar tafiyarsa, ya tafi, a aika masa da ita ta hannun wani amintacce ko ta motar fasinja bayan mako ɗaya ko biyu. Ni da so samu ne ma, ki yi wata guda kina aiki da sabuwar tukuna, domin sai ana aiki ake tuna takardar da aka manta. Amma tunda tsohon diskin zai zauna a hannunki, ko kin tuna wani abu daga baya kina da inda za ki koma ki duba.

Ranar da za ki miƙa masa kwamfutar, ki sa masa kwafin muryar Baba a cikinta, ki kuma aika wa sauran ƴan'uwanku, na Tawa da na Yamai da duk inda suke, kowa ya ajiye a wurinsa. Ki canza wa fayilolin suna daga lambobin da na'ura ta ba su, ki rubuta shekarar da aka ɗauka da abin da yake magana a kai, domin jikokinsa da ba su san shi ba su gane abin da suke saurare idan sun girma.